Zuwa sansanin koyon hawan igiyar ruwa a Maroko kai kaɗai: amsa ga mai tambaya daga Kano

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekaruna sun ɗan haura talatin, kuma na daɗe ina kallon bidiyon masu hawan igiyar ruwan teku a kan allo. Ina so in yi amfani da hutuna na shekara in je ɗaya daga cikin sansanonin da ake koyar da wannan wasa a Maroko, amma cikin abokaina babu mai sha'awa, saboda haka ni kaɗai zan tafi. Na iya iyo kaɗan, irin wanda ake yi a wurin wanka na otal. Shin tafiyar mutum ɗaya tana da hatsari, kuma me ya kamata in sani kafin in biya kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Zan fara da abin da ya fi damunka, wato kaɗaici, domin shi ne mafi sauƙin warwarewa a cikin tambayarka. Irin waɗannan sansanoni an gina su ne tun asali saboda mutanen da ke zuwa su kaɗai, kuma idan ka isa za ka tarar da yawa daga cikin waɗanda za ku zauna tare ba su san kowa ba sai a ranar da suka sauka. Tare ake karyawa, tare ake shiga mota a tafi bakin teku, tare ake faɗuwa a ruwa a gaban juna, kuma da daddare a faranti ɗaya ko tebur ɗaya ake cin abinci. Wanda ya sha ruwan gishiri a gabanka da safe ba ya yi maka girman kai da yamma. Abin da nake so ka mayar da hankalinka a kai shi ne teku kanta, da kuma iyon da ka ce ka iya kaɗan, domin a nan ne ran mutum yake shiga hatsari, ko shi kaɗai ya zo ko da rakiyar mutum goma.

Mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa, idan ya san ruwa, to ruwan kogi ya sani ko na dam ko na kududdufi ko na wurin wanka, kuma duk waɗannan ba su shirya mutum ga halin teku. Ruwan teku yana tafiya ta fuska biyu ko uku a lokaci guda: igiya tana turo ka gaɓa, ruwan da ya riga ya iso yana janye ƙafafunka baya, wani kuma yana gusar da kai gefe ba tare da ka lura ba, har sai ka ɗaga kai ka ga tutar da malaminku ya kafa ta yi maka nisa. Ga kuma cika da janyewa da teku take yi sau biyu a kowace rana, kusan awa shida tana hawa, kusan awa shida tana sauka, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Wurin da ka tsaya a kan yashi mai laushi da ƙarfe tara na safe yana iya zama duwatsu tsirara da azahar. Yawancin makarantu suna neman wanda zai iya iyo na mita 50 kawai, amma ni a ganina wannan ya yi kaɗan ga wanda bai taɓa shiga teku ba. Kafin ka sayi tikiti, ka samu wata biyu ko uku kana zuwa wurin iyo sau biyu ko uku a mako, har ka kai matsayin da za ka yi mita 200 ba tare da ka kama bango ba, ka iya tsayuwa a ruwa mai zurfi na wasu mintuna ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba, sannan ka saba da nutsar da kai cikin ruwa kana fitar da numfashi a hankali ba tare da firgita ba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci, domin igiya za ta birkice ka a ƙarƙashin ruwa na daƙiƙa uku ko huɗu sau da yawa, kuma wanda ya firgita ne yake ɓarnatar da numfashinsa. Idan harka ta kai ka Legas kafin tafiyar, ka shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay, inda akwai samarin da suka ƙware a wannan wasa kuma ake ba da darasi, ka ɗanɗana ruwan gishiri na yini ɗaya. Yini ɗayan nan zai gaya maka gaskiyar da bidiyo ba zai gaya maka ba.

Tunda na ambaci bidiyo, yana da kyau ka san cewa yawancin abin da ake yaɗawa a intanet na gwanaye ne a wurare irin su Nazare ta ƙasar Fotugal, inda Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a watan Oktoba na 2020. Abin da kai za ka yi a makonka na farko ba shi da dangantaka da wannan ko kaɗan. Za ka tsaya ne a ruwa iya ƙugu, da babban allo na soso mai tsawon kusan ƙafa takwas, kana jiran farin kumfar igiyar da ta riga ta fashe ta tura ka zuwa gaɓa.

Zaɓin da ka yi na Maroko zaɓi ne mai kyau, kuma wurin da za ka nufa shi ne gaɓar da ke arewacin Agadir. Taghazout ƙauyen masunta ne na Amazigawa, wato 'yan asalin arewacin Afirka, masu magana da harshen Tashelhit, kimanin kilomita 20 daga Agadir, kuma a kusa da shi akwai Tamraght da Aourir, wadda baƙi suke kira ƙauyen ayaba. Yankin ya yi suna ne saboda wurare irin su Anchor Point da Killer Point, inda igiya take fashewa a jere a gefen duwatsu ta yi tafiya mai nisa, amma waɗannan na ƙwararru ne, kai kallo za ka je yi daga kan dutse. Masu koyo ana kai su bakin yashi ne, irin su Panorama da Crocro da Devil's Rock da kuma gaɓar Anza ko Tamri idan yanayi ya nuna haka. Idan an yi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi zuwa arewa akwai Imsouane, wadda igiyarta mai taushi da tsawo take cikin waɗanda masu koyo suka fi jin daɗi a duk Afirka, kuma yawancin sansanoni suna kai mutanensu can na yini guda. A wannan yanki ne Ramzi Boukhiam ya taso, wanda ya wakilci Maroko a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, karon farko da aka saka wannan wasa a gasar. Idan ka tambaye ni tsakanin Taghazout da Tamraght, zan ce maka Tamraght, domin ta fi natsuwa da dare, masaukanta sun fi araha, kuma ta fi kusa da gaɓoɓin masu koyo.

Manyan igiyoyi suna zuwa wannan gaɓa ne daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da guguwar hunturu take kaɗawa a arewacin tekun Atlantika, kuma a lokacin ne garin yake cika da Turawa. Mai koyo ba ya bukatar manyan igiyoyi. Satumba zuwa Nuwamba ya fi dacewa da kai, domin ruwan bai gama hucewa daga zafin bazara ba, ko kuma Afrilu da Mayu. Kada sunan Afirka ya sa ka ɗauka ruwan ɗumi za ka tarar. Akwai ruwan sanyi da ke gangarowa ta wannan gaɓa daga arewa, wanda ake dangantawa da tsibiran Kanari, shi ya sa ɗumin ruwan yake sauka zuwa wajen digiri 16 ko 17 a tsakiyar hunturu, ya hau zuwa 21 ko 22 a ƙarshen bazararsu, wato wajen Satumba. Dole ne ka sa rigar roba mai matse jiki daga wuya zuwa idon sawu, mai kaurin milimita uku a ƙirji da biyu a hannuwa, kuma idan a Janairu ne ka nemi wadda ta fi wannan kauri. Sansanin ne zai ba ka aro. Ka kuma duba kalandar Musulunci, domin a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a wajen Fabrairu da Maris, kuma ba na ba kowa shawarar haɗa azumi da awa huɗu a cikin ruwan gishiri, ga ƙishirwa ga ruwan da ke shiga maƙogwaro ba da son mutum ba.

Maganar sanyi ta kawo ni ga abin da malaman wasan na can ba lallai su tambaye ka ba, amma mu ya shafe mu ƙwarai. Idan kana da cutar sikila, ruwan sanyi da gajiya mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma wannan wasa ya tara dukkan ukun. Haka mai asma da mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya. Duk wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan ya ga likitansa tun kafin ya fara lissafin kuɗin jirgi, kuma ya gaya wa malaminsa gaskiya a ranar farko ba tare da jin kunya ba.

Yanzu ga zaɓen sansani, wanda a nan ne nake so ka ɓata lokaci sosai. Hotunan da suke sakawa duk iri ɗaya ne: soro mai kallon teku, shayi da na'ana'a, faɗuwar rana. Ka bar hotunan, ka rubuta musu saƙo ka tambaye su mutum nawa malami ɗaya yake kula da su a cikin ruwa. Idan sun haura takwas, ka nemi wani wuri, kuma idan ka samu mai shida ko ƙasa da haka ya fi. Ka tambaya ko malaman suna da shaidar ƙungiyar ISA, wato ƙungiyar wannan wasa ta duniya, ko ta hukumar wasan ta Maroko, da kuma shaidar ceton rai a ruwa. Ka tambaya ko malamin yana shiga ruwa tare da ɗalibai ne, ko kuwa a gaɓa yake tsayawa yana busa usur, domin bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne bambancin wanda zai koya da wanda zai dawo gida da hotuna kawai. Ka faɗa musu a fili cewa ba ka taɓa shiga teku ba kuma iyonka na wurin wanka ne. Yadda suka amsa wannan zai nuna maka ko su wane ne: wanda ya ce maka babu komai, kowa yana iyawa, bai saurare ka ba, amma wanda ya sake tambayarka mita nawa kake iya yi, kuma ya ce zai ajiye ka kusa da shi a kwana biyun farko, shi ne mutuminka. Ka bambance tsakanin kunshin koyarwa da kunshin rakiya, domin na biyun na waɗanda suka iya ne, mota kawai za ta kai su wurin da igiya ta yi kyau a sauke su. Sannan ka karanta abin da baƙin da suka gabata suka rubuta, musamman masu ƙorafi, ka ga ko ƙorafin a kan abinci ne ko a kan sakaci a cikin ruwa.

Kuɗin mako guda a wannan yanki galibi yana kamawa daga wajen Yuro 400 zuwa 700, gwargwadon ko ɗakin haɗaka ne ko naka kai kaɗai, kuma a ciki akwai kwana da abinci da allo da riga da darasi da ɗaukowa daga filin jirgi. Ka tabbatar da kowanne a rubuce, musamman ɗaukowar, domin filin jirgin Al Massira yana can ɗaya ɓangaren Agadir, tafiyar kusan awa ɗaya ce zuwa Taghazout. Kada ka biya duka kuɗin tun kana gida. Kafin alƙalami ya isa, sauran ka biya idan ka ga wurin da idonka. Ka riƙe Yuro a hannu saboda katunan bankunanmu ba kullum suke aiki a waje ba, ka canza zuwa Dirhami idan ka sauka, domin ba kuɗin da ake samu cikin sauƙi a wajen ƙasar ba ne. Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza kafin ya shiga Maroko, kuma ofishin jakadancinsu yana Abuja, saboda haka ka fara nema da wuri, ka kuma roƙi sansanin ya aiko maka da takardar shaidar kama masauki mai ɗauke da sunanka da kwanakin zamanka. Ka buga wannan takarda da tikitin dawowa a kan takarda, ka riƙe su a hannu lokacin da za ka tsaya gaban jami'in shige da fice, domin matashi baƙar fata mai tafiya shi kaɗai yakan sha tambayoyi fiye da sauran fasinjoji, kuma takarda a hannu tana gajarta magana. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Abuja zuwa Kasablanka, daga can kuma tafiyar kusan awa ɗaya ce a sama zuwa Agadir. Inshorar tafiya wajibi ce, kuma ka karanta ka ga an ambaci wannan wasa a cikin abubuwan da ta ɗauke, domin wasu kamfanoni suna cire shi.

Idan bizar ta ba ka wahala, Senegal da Ghana suna nan, kuma ɗan Najeriya yana shigarsu ba tare da biza ba a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, sai dai ka tafi da katinka na rigakafin cutar shawara. A Dakar akwai sansanoni a tsibirin Ngor da gaɓar Yoff, a Ghana kuma akwai Busua a yammacin Takoradi, inda ruwan yake da ɗumi har ba a bukatar rigar roba. Bambanci ɗaya da za ka lura da shi shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda yake nan a ƙasashen biyu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Maroko tun 2010.

Yinin sansani yana da tsari kusan iri ɗaya ko'ina. Bayan karin kumallo na burodi da zaitun da man zaitun da amlu, wato kwaɓin almon da zuma da man argan da aka san yankin da shi, sai a ɗora alluna a saman mota, malami ya zagaya gaɓa biyu ko uku yana duba ruwa kafin ya zaɓi inda za a sauka. A kan yashi za a fara. Za ka kwanta rub da ciki a kan allo, yatsun ƙafarka a daidai wutsiyarsa, ka ɗora tafukan hannunka a gefen haƙarƙarinka, ka ɗaga ƙirji, sannan ka jawo ƙafar gaba zuwa tsakanin hannuwanka a yunƙuri ɗaya, gwiwoyi a lanƙwashe, idanu a gaba. A kan yashi kowa gwani ne. A cikin ruwa kuwa, da zarar kumfa ta bugi wutsiyar allon ya zabura, sai idonka ya koma kan ƙafafunka, kuma duk wanda ya kalli ƙafafunsa ya faɗi, shi ya sa za ka ji malamin yana ta maimaita maka cewa ka dubi gaɓa. Yawancin masu koyo suna samun tsayuwa ta 'yan daƙiƙu a rana ta farko ko ta biyu. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne tsayuwar ƙaramin kaso ce ta wasan, mafi yawan lokacin yana tafiya ne a tuƙi da hannu da kokawa da kumfa don komawa ciki. Rana ta uku ita ce ranar gwaji: kafaɗu sun yi tsami, ƙasan haƙarƙari yana ciwo saboda gugar allo, wuya ya saɓule inda riga take gogawa, kuma rigar da ka shanya jiya ba ta bushe ba, haka za ka sa ta da sanyinta. Ka huta rabin yini a ranar idan jikinka ya nema, domin rauni ya fi saurin samun mutum lokacin da ya gaji. Kada kuma ka tsorata idan ka sunkuya da yamma, ko ka yi sujada, ka ga ruwan gishiri ya zubo daga hancinka kwatsam. Ruwan da ya maƙale a kogon hanci ne tun safe, kuma kowa yana fama da shi. Idan kana so ka rage wa kanka wannan wahala, ka fara motsa jiki tun yanzu, musamman ɗaga ƙirji daga ƙasa da hannuwa da kuma iyo.

Akwai ƙa'idojin tsira da nake so su zauna maka tun kafin ka ji su daga bakin malami cikin harshen da wataƙila ba za ka kama duka ba. Mafi girmansu shi ne jan ruwa. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa dole ya koma, kuma yakan samu hanya guda ya bi da ƙarfi, kamar yadda ruwan sama yake taruwa ya bi ta kwata ɗaya a unguwa. Abin da yake yaudarar baƙo shi ne wannan hanyar ita ce ta fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa a cikinta, ruwan ya fi duhu kuma ya fi kwanciya. Gudunta yana iya haura mita biyu a daƙiƙa, abin da ko gwanin iyo ba zai iya yi wa gaba da gaba ba. Ba ta jan mutum ƙasa, can cikin teku take kai shi, kuma gajiya da firgici ne suke nutsar da wanda ya nutse. Idan ta ɗauke ka, kada ka rabu da allonka ko da wasa, domin shi ne abin da zai riƙe ka a saman ruwa. Ka kwanta a kansa, ka tuƙa zuwa gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ka shiga inda kumfa take, ita za ta mayar da kai. Idan ka kasa, ka ɗaga hannu ɗaya sama ka tsaya a haka.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne amma kowace tana da dalili. Kada ka riƙe allo a tsakaninka da igiya, domin za ta maka maka shi a fuska. A gefenka ake riƙe shi, hancinsa yana fuskantar teku. Idan za ka faɗi, ka faɗi a shimfiɗe, kada ka taɓa shiga da ka, saboda ruwan masu koyo ba shi da zurfi kuma karayar wuya daga nan take zuwa. Idan za ka ɗago, ka rufe kanka da hannuwa biyu, domin ba ka san inda allonka ko na maƙwabcinka yake ba. Maɗaurin da ke haɗa ƙafarka ta baya da allo ka duba shi da kanka kowace safiya. Idan mutum biyu suka nufi igiya ɗaya, wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita, kuma shiga gabansa shi ne babban laifi a wannan wasa, ya kuma fi muni idan baƙo ya yi wa ɗan gari. A wurare masu duwatsu akwai bushiyar teku mai ƙaya, a cikin yashi kuma akwai wani ƙaramin kifi mai dafi a ƙayar bayansa, wanda maganin harbinsa shi ne tsoma ƙafa a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure. Bayan ruwan sama mai ƙarfi a ƙaurace wa teku kwana biyu ko uku, musamman kusa da bakin rafi, saboda ƙazantar da ke gangarowa. Man kare fata daga rana kuma ka shafa shi a fuska da kunnuwa da bayan wuya, kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna, domin hasken da ruwa yake maidowa yana ƙona kowa.

A nan ne tafiyarka kai kaɗai take da nauyi na gaske. Bayan darasi, sansanoni da yawa suna barin mutane su ci gaba da wasa da yamma ba tare da malami a cikin ruwa ba, kuma wanda ya zo da aboki yana da mai ɗaga kai ya neme shi. Kai ba ka da shi sai ka samar wa kanka. Tun ranar farko ka zaɓi mutum ɗaya a rukuninku ku yi alƙawarin lura da juna, kada ɗaya ya fita daga ruwa bai sanar da ɗayan ba. Kada ka ɗauki allo ka tafi gaɓa kai kaɗai da asuba ko dab da magariba, ko da ka ga ruwan ya kwanta. Ka bar wa mai sansanin lambar wani naka na gida da bayanin inshorarka, ka bar wa na gida sunan sansanin da lambarsu, ka sayi layin waya na ƙasar a filin jirgi, sannan ka adana lambobin gaggawa: 15 ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana, 19 ta 'yan sanda a birni, 177 ta jandarma a ƙauyuka irin su Taghazout.

Ta fuskar addini za ka samu sauƙi ƙwarai, domin mutanen Maroko 'yan mazhabar Malikiyya ne kamar mu, masallatai suna cikin gari, nama na halal ne, kuma yawancin malaman wasan da direbobi da masu dafa abinci Musulmi ne 'yan yankin. Ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a hadisin da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, cewa ruwanta mai tsarkakewa ne kuma mushenta halal ne. Azahar da la'asar za su riske ka a gaɓa, saboda haka ka jefa ƙaramar darduma da doguwar riga mara nauyi a jakarka. Ka tuna kuma cewa a Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi, don haka zaman mako guda cika salla ake yi. Ranar Juma'a ka gaya wa malaminka tun da safe, sau da yawa ma tare za ku tafi. Abin da za ka tantance tun kana gida shi ne yanayin gidan da kansa, domin yawancin baƙin Turawa ne: ɗakunan haɗaka a wasu wurare maza da mata ne a haɗe, wasu gidajen kuma ana shan giya a soro da dare. Ka tambaya kai tsaye, kuma idan aljihunka zai iya, ka kama ɗakinka kai kaɗai ko ka zaɓi gidan da iyalin 'yan gari suke gudanarwa. Ba wanda zai tsangwame ka don ka ce ba ka sha, kuma zaman motsa jiki na yoga da ake sakawa a jadawali ba dole ba ne. Ga 'yan'uwa mata da za su karanta wannan, akwai sansanoni na mata zalla da malamai mata, cikinsu har da Maryam El Gardoum 'yar Tamraght, wadda ta sha lashe gasar mata ta ƙasar kuma take koyarwa a yankin. Ana iya ɗora riga da wando marasa faɗi sosai a kan rigar roba tare da ɗankwalin iyo mai kama kai, amma tufafi masu yalwa suna cika da ruwa su naɗe ƙafa, hatsari ne a cikin igiya.

Batun harshe kada ya dame ka. Ana koyarwa da Turanci ko Faransanci, kuma ɗan Larabcin islamiyya da kake da shi zai buɗe maka ƙofofi a kasuwa da masallaci, ko da yake Larabcinsu na yau da kullum ya yi nisa da na littafi.

Game da tsawon zama, mako ɗaya zai kai ka ga tsayuwa a kan kumfa ba tare da fargaba ba da ɗan karkata allo dama ko hagu, kuma idan jikinka da yanayin ruwa sun ba da haɗin kai, a kwana na biyar ko na shida malami zai iya fitar da kai bayan inda igiya take fashewa ya tura ka a kan ƙaramar igiyar da ba ta fashe ba tukuna. Idan hutunka zai kai kwana goma ko mako biyu, ka ɗauka, domin a mako na biyu ne jiki yake daina ciwo, ido kuma ya fara gane wace igiya ce za a bi, wace ce za a bari ta wuce. Ka tsara tafiyar yadda za ka isa kwana ɗaya kafin darasin farko don ka huce gajiyar hanya, ka bar yinin ƙarshe babu shiga ruwa ko kuma ka tsaya a darasin safe kawai, saboda kunnen da ya cika da ruwa yana wahalar da mutum a cikin jirgi. Idan kana da matsalar kunne tun da can, ka sayi abin toshe kunne na masu iyo a Kano ka tafi da shi, domin a ƙauyukan gaɓar ba lallai ne a samu wanda ya dace da kunnen mutum ba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.